ANA SALLAMA, BABU BAƘO: Yadda Ƙwayoyin Harfis Ke Ba Jikinmu Umarnin Ƙarya



Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan wani abu daga fannin da nake aiki, wato nazarin ƙwayoyin cuta, bisa sharaɗin kada in cika muku kunne da Turancin likitoci. Na kuwa karɓi sharaɗin, domin na san a cikinmu akwai alƙalai da 'yan kasuwa da manoma da tsofaffin sojoji, kuma kowa yana da haƙƙin ya tashi daga nan da abin da zai gaya wa iyalinsa.

Maganata ta shafi wani dangi ne na ƙwayoyin cuta irin na bairas, waɗanda kusan kowa a nan yake ɗauke da su, da kuma wata dabara guda da wasunsu suka ƙware a kanta. Dabarar kuwa ita ce sun saci harshen da sassan jikinmu ke magana da juna, suna ba da umarni da shi kamar su ne masu gida. Da wannan dabara suke ɓuya, da ita ɗaya daga cikinsu yake haddasa ciwon daji, kuma ita ce masana suke ƙoƙarin mayarwa tarkon da zai kama su.

Baƙin Da Ba Sa Tafiya

Sunan wannan dangi harfis, daga wata kalmar Girkanci mai nufin rarrafe, saboda yadda ƙurajen wasunsu ke bin fata. Guda 8 ne aka saba lissafawa masu kama ɗan Adam. Kun san wasunsu ko da ba ku san sunansu ba: mai kawo ƙarambau ɗan dangin ne, haka ma mai fitar da ƙuraje a gefen leɓe bayan mutum ya yi zazzaɓi. Halinsu ɗaya ne, in sun shiga jiki ba sa fita har abada. Sukan lafe ne kawai, sai ranar da jiki ya yi rauni su ɗago kai. Shi ya sa wanda ya yi ƙarambau yana ɗan firamare yake iya wayar gari yana ɗan shekara sittin da ƙuraje masu raɗaɗi sun yi masa ɗamara a gefe ɗaya na jiki. Bairas ɗin nan ne dai na yarinta, yana kwance a jijiya tun wancan lokaci.

Uku daga cikin dangin su ne abin maganarmu a yau.

Na farko shi ne CMV. A ƙasashen Afirka fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, galibi tun suna yara, ba tare da sun taɓa sani ba. Amma idan ya kama jariri tun yana ciki, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko wanda cutar ƙanjamau ta raunana, sai ya nuna halinsa. A Amurka, kimanin jariri 1 cikin 200 ake haihuwa da shi, kuma kusan 1 cikin 5 na waɗannan jarirai sukan sami matsala mai ɗorewa. In aka cire kurumtar gado, babu abin da ya kai shi kurumtar da yara tun daga haihuwa.

Na biyu shi ne EBV. Tarihinsa ya fara ne a asibitin Mulago da ke Kampala a ƙasar Yuganda, inda wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara a shekarar 1958. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairas ɗin a cikin samfurin wannan ciwo a birnin Landan. Shi ne bairas na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin mutum.

Na uku shi ne KSHV, mai haddasa ciwon dajin Kaposi. Moritz Kaposi, likitan fata a ƙasar Ostiriya, ya bayyana ciwon tun 1872, amma sai a 1994 Yuan Chang da mijinta Patrick Moore suka gano bairas ɗin a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka. Wannan ciwo yana cikin waɗanda suka fi addabar masu cutar ƙanjamau a Afirka kudu da Sahara.

Zaure Da Yaron Zaure

Kafin mu ga yadda ake satar, sai mu san abin da ake sata. Duk wanda ya zauna ajin bayoloji a makarantar nan ya leƙa ɓawon albasa ta madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar tubala. Su ne ake kira sel, kuma da irinsu aka gina jikinmu. Ku ɗauki kowane sel a matsayin gida mai katanga. A gidan Bahaushe baƙo ba ya afkawa ciki kai tsaye. Yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, yaron da ke zaure ya ji, ya isar da saƙo ciki, sa'an nan mai gida ya san abin yi.

To, haka abin yake a sel. Saƙon da jini ya kawo yakan tsaya a waje. A jikin katangar akwai wani furotin da ake kira risefta, shi ne yaron zaure: kunnensa na waje, bakinsa na ciki. Irin wanda muke magana a kai ya ratsa katangar sau 7, kamar zaren da aka yi ɗinki da shi. Da saƙo ya taɓa kunnensa sai ya ɗan murɗa jikinsa, wannan murɗawa ta tayar da wani ɗan aike da ke ciki mai suna furotin G, shi kuma ya ruga da labari can tsakiyar sel inda littafin umarni yake, wato DNA. Mutum yana da irin wannan risefta kusan kala 800. Da su muke gani, da su muke jin ƙanshi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan asibiti a kansu suke aiki. An ba Alfred Gilman da Martin Rodbell kyautar Nobel a 1994 saboda gano furotin G, aka kuma ba Robert Lefkowitz da Brian Kobilka a 2012 saboda aikinsu a kan riseftocin.

Daga cikin saƙonnin da ke yin sallama akwai wani rukuni mai suna kemokayin, kimanin kala 50, da riseftocinsu kimanin 20. Su ne yekuwar jiki. Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, sel ɗin wurin sukan saki kemokayin, su kuma fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, su bi sawunsa zuwa inda ya fi yawa, kamar yadda ake bin hayaƙi a gano inda gobara take. Duk wanda ya mallaki wannan yekuwa, shi ke da ikon cewa soja ya je nan ko kada ya je can.

Ba abin mamaki ba ne ke nan da cututtuka suka daɗe suna rububin wannan ƙofa. A 1996 aka gano cewa bairas ɗin ƙanjamau ta riseftocin kemokayin yake kutsawa cikin sel. Haka zalika wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna bibas yana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta wata ƙofa irin wannan da ake kira Duffy, wadda akasarinmu mutanen Afirka ta Yamma ba mu da ita a jajayen ƙwayoyin jininmu, shi ya sa nau'in bai yi ƙarfi a yankinmu ba. Amma waɗannan duk ƙofar mai gida suke bi. Harfis ya wuce nan: shi da nasa yaron zaure yake zuwa.

Yadda Asiri Ya Tonu

A shekarar 1990 wasu masana a Kambirij ta Ingila suka gama karanta littafin umarnin CMV, wanda ke da haruffa kimanin 235,000, mafi girma a cikin harfis masu kama mutum. Suna cikin dubawa sai suka ci karo da babi uku da ke koyar da yadda ake ƙera risefta mai ratsa katanga sau 7, daga baya aka gano na huɗu. Abin ya ba su mamaki, domin bairas ba shi da katangar da zai jira baƙo, ba shi kuma da furotin G. Me zai yi da yaron zaure? Amsar ita ce a katangarmu yake dasa shi. Masana sun tafi a kan cewa kakannin wannan bairas ne suka kwafi babin daga jikin dabbobin da suke kamawa shekaru aru-aru da suka wuce, suka yi ta yi masa gyaran fuska har ya dace da buƙatarsu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Wanda aka fi sani a cikin huɗun sunansa US28. A 1993 da 1994 aka tabbatar cewa yana kama kemokayin ɗin mutum. Amma ya bambanta da namu ta fuska uku.

Na ɗaya, ba shi da zaɓi. Riseftanmu yana da 'yan saƙonnin da yake amsawa, shi kuwa US28 yana kama kala-kala masu yawa.

Na biyu, mai haɗiya ne. Yakan kama kemokayin ya nutse da shi cikin sel, ya sake fitowa ya kama wani, ba dare ba rana. An nuna a 1998 cewa sel ɗin da CMV ya kama suna share kemokayin daga kewayensu. Wato ana kururuwar gobara, shi kuwa yana shanye kururuwar kafin ta isa kunnen masu kawo ɗauki.

Na uku, kuma shi ne babba, ba ya jiran baƙo. Riseftanmu yakan yi shiru har sai an yi sallama. US28 kuwa, kamar yadda aka nuna a 2001, yana ta aika furotin G ciki ko da babu kowa a ƙofa. Ku kwatanta gidan da yaron zaure yake kwana yana cewa ana sallama, ana sallama, mai gida yana ta sa a shimfiɗa tabarma a ɗora tukunya, alhali babu baƙo. Irin wannan gida ba zai daɗe bai fita daga hayyacinsa ba.

Abin sha'awa shi ne, saƙon da yake aikawa ya danganta da irin gidan da ya samu kansa. A sel ɗin da ke jikin bangon jijiyar jini, an nuna a 1999 cewa yakan sa su tashi su yi ƙaura. A ɓargo kuwa, da wasu fararen ƙwayoyin jini inda CMV ke ɓuya, saƙon nasa shi ne a yi shiru, kada bairas ya hayayyafa. Idan aka cire masa wannan babi a ɗakin gwaji, sai ya kasa lafewa ya fara hayayyafa a fili. Ashe yaron zauren nan shi ne ke riƙe da sirrin zamansa na shekaru a jikin mutum.

Yaron Zauren Da Ke Gina Ƙari

KSHV yana da nasa guda ɗaya, mai suna ORF74, wanda ya yi kama da ɗaya daga cikin riseftocinmu na kemokayin. A 1997 aka nuna shi ma yana aiki ba tare da sallama ba, a 1998 kuma aka nuna cewa yana sa sel ya riƙa sakin wani sinadari mai suna VEGF, wanda aikinsa shi ne umartar jiki ya shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini. A shekarar 2000 aka dasa wa ɓeraye wannan babi shi kaɗai, ba tare da sauran bairas ɗin ba, sai ga shi sun fito da tabo irin na Kaposi a kunne da wutsiya da ƙafafu.

Idan aka yanki ƙarin Kaposi aka duba, sel kaɗan ne ƙwarai ake samu ɗauke da ORF74. To, yaya 'yan ƙalilan za su tayar da ƙari? Ta hanyar maƙwabta. Waɗannan 'yan kaɗan su ne ke ta fitar da saƙon ƙarya, maƙwabtansu na ji suna hayayyafa, jijiyoyin jini na tsirowa barkatai suna yoyo. Wannan tarin jijiyoyi shi ne ke ba tabon launinsa, ja-ja a farar fata, baƙi-ƙirin ko ruwan makuba a fatarmu.

Na EBV kuwa, mai suna BILF1, aikinsa daban ne. Tsofaffin cikinmu sun tuna duba-gari, masu shiga gida-gida suna leƙa randa. Jiki ma yana da nasa, wato wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira sel T. Kowane sel yana kafa wani allo a ƙofarsa mai nuna samfurin abin da ake ƙerawa a ciki, duba-gari ya zo ya karanta, in ya ga kayan bairas ya rushe gidan. A 2009 masana a Bamingam ta Ingila suka nuna cewa BILF1 yana janye wannan allo zuwa cikin sel inda ake lalata shi. A 2021 aka ga siffarsa, sai aka tarar wani ɓangare na jikinsa ya toshe kunnen da ya kamata ya saurari sallama. Yaron zaure ne da ya toshe kunnensa, amma bakinsa bai huta ba.

Ramin Mugunta

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Matsalar magungunan CMV da muke da su, irin su gansaikilobir, ita ce suna aiki ne a kan bairas mai hayayyafa, wanda ya lafe kuwa ba sa ganinsa. Amma tunda ba zai iya lafewa ba sai da US28, ga shi kuma US28 a katanga yake zaune, to ɓarawo ya bar takalminsa a ƙofa.

Masana a Danmak sun yi amfani da haɗamarsa. A 2015 suka ɗauki wani kemokayin da US28 ke matuƙar so, suka sauya masa harafi ɗaya don riseftanmu ya rage kula shi, suka ɗaura masa guba. US28 ya haɗiye kamar yadda ya saba, gubar ta kashe sel ɗin da bairas ke ciki. A 2017 aka nuna a Kambirij cewa dabarar tana kashe har sel ɗin da bairas ya lafe a ciki, a 2022 kuma likitoci a Toronto ta Kanada suka gwada ta a huhun mutum da aka ajiye a na'ura, da nufin wata rana a riƙa wanke sassan jiki kafin a yi dashe.

Hanya ta biyu ta biyo ta kan dabbar da muka sani sarai. A 1993 masana a Beljiyam suka ba da rahoton cewa jinin raƙumi yana da wata irin garkuwa, wato antibodi, mai sauƙin gini fiye da tamu, wadda ƙaramin kanta ke iya shiga lungun da tamu ba ta shiga. Da taimakon irin wannan garkuwa daga alfaka, 'yar uwar raƙumi ta Kudancin Amurka, aka ɗauki hoton siffar US28 a Jami'ar Stanford a 2015. A Holan kuma an ƙera wasu da ke rage masa surutu, yadda bairas zai ɗan ɗago kai duba-gari su gan shi. Waɗannan duka suna matakin bincike ne, ba su zama maganin da likita zai rubuta ba tukuna.

Akwai dai darasi guda da ya riga ya isa gadon asibiti. A 2005 likitoci a Italiya suka ba da rahoton mutum 15 da aka yi wa dashen ƙoda suka kamu da Kaposi. Da aka sauya musu maganin hana jiki ƙin ƙodar zuwa wani mai suna sirolimus, cikin wata 3 tabon fatarsu ya ɓace. Sirolimus yana datse wata hanya ce a cikin sel, kuma bincike ya nuna tana cikin hanyoyin da saƙon ORF74 ke bi.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Jama'a, kada kowa ya tafi gida da tsoro. Akasarinmu za mu rayu da waɗannan baƙi har ƙarshen rayuwa ba tare da sun taɓa mu ba, domin sojojin jiki sun tsare su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwa huɗu nake roƙon mu riƙe.

Na farko, baƙin tabo ko kurji a ƙafa ko a dasashi ko a ganɗa, wanda ba ya ciwo kuma ba ya warkewa, musamman in ƙafa ta kumbura, a kai shi asibiti, a kuma yarda a yi gwajin ƙanjamau. Sau da yawa maganin ƙanjamau kaɗai, idan ya maido da ƙarfin jiki, yakan sa Kaposi ya ja da baya in an fara da wuri.

Na biyu, kumburin muƙamuƙi ko na ciki a jikin yaro, mai girma cikin 'yan makonni, kada a tsaya ana shafe-shafe. Ciwon Burkitt yana cikin mafiya saurin girma, amma kuma yana cikin mafiya jin magani. Yawan zazzaɓin cizon sauro yana taimaka wa EBV wajen tayar da shi, saboda haka gidan sauro kariya biyu ne.

Na uku, ga mata masu ciki: CMV yana yawo ne a yawu da fitsarin ƙananan yara, kuma har yau babu allurar rigakafinsa da aka amince da ita. A wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki ko an share masa majina, kada a ci ragowar da ya tsotsa. Al'adar tauna wa yaro abinci ma a yi hattara da ita, domin KSHV da EBV ta yawu suke bi.

Na huɗu, jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko ba ya juyowa in an kira shi, a kai shi a auna jinsa tun da wuri, kada a ce miskili ne.

Da yawanmu a nan mun zama kakanni, kuma maganarmu tana da nauyi a gidajen 'ya'yanmu. In muka ce a tafi asibiti, za a tafi.